Baƙon da Bai Gaishe da Masu Gida Ba

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya tsare mana abin da muka yi sakaci da shi. Wannan babi naki ne, 'yata Hauwa'u, ke da kika ci sunan kakata, ke da 'ya'yan ƙanwata Ikram idan Allah ya kawo su. Shekararki uku kacal, ba ki ma san takalmin dama da na hagu ba, amma kin iya jan yatsa a fuskar waya. Da na ga haka sai na ce ba zan jira tsufa kafin in rubuta ba. A gidanmu da dariya ake ba da wannan labari, ana kiransa ranar da Habboba ta shiga wasan bindiga. Haka za ki ji shi a bakin kawunnanki, kuma ba ƙarya za su yi miki ba. Sai dai sukan tsallake rabona a cikinsa saboda suna sona, ni kuwa ba zan tsallake ba.

Gidanmu yana Umdurman, can bayan babbar kasuwa, gidan ƙasa ne mai tsakar gida ɗaya da rumfa da wata darbejiya da ta girme ni. Baba agashe, wato tsiren can, yake gasawa a bakin kasuwa daga la'asar, shi ya sa ƙamshin ƙuli da hayaƙi ba ya barin rigunansa ko an wanke. Umma tana gida. Habboba kuwa, mahaifiyar Baba, da haka ake kiran kaka a can, a hanya aka haife ta. Iyayenta sun taso da ƙafa daga ƙasar Hausa za su Makka, suka tsaya a bakin Nilu su yi noman shekara guda su sami guzuri, shekarar nan ta zama rayuwarsu duka. Daga wurinsu muka gaji wata al'ada: duk wanda ya yi sallama a ƙofarmu da Hausa, an shimfiɗa masa tabarma ke nan, ba a tambayar abin da ya kawo shi sai ya ci ya sha. Kowace Juma'a ɗaliban da suka zo karatu daga Nijeriya da Nijar sukan hayo gada su zo cin tuwo da miyar kuka a wurinmu, wani har da ƙwalla a lomar farko. Da zarar an ce mutum namu ne, babu sauran ƙofa tsakaninsa da mu.

Ikram ce auta, shekararta goma a lokacin. Tana jin Hausa sarai amma ba ta mayarwa. A yi mata magana da Hausa ta amsa da Larabci, kamar yawancin sa'o'inta. Abin yana cin Baba fiye da yadda yake nunawa. Yakan ce harshen da ya tako daji da hamada da ƙafa bai mutu ba, sai a tsakar gidansa zai zo ya mutu. Ikram ta yi dariya ta wuce abinta.

Ni kuwa ina shekarata ta biyu a jami'a a Hartum, ina karatun adabi, jikina a gida hankalina a wani wuri. Kullum idan motarmu ta hau gada nakan manna goshi da taga in kalli inda rassan Nilu biyu suke haɗuwa, kowane da launinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su yarda su zama ɗaya, in sauka da rabin baiti a bakina. A shekarar aka yi mini kyautar sabuwar waya, na ba Ikram tsohuwar. Ba a yi mako ba ta fara bina ɗaki ɗaki, wai in sauke mata wasan da 'yan ajinsu suke yi, wanda ake jefa mutane a tsibiri su haɗa ƙungiya su yi ta harbi har a bar ɗaya. Ranar da na gaji na karɓi wayar, na ga wani ɗan akwati a gefen hoton wasan, an rubuta goma sha takwas a ciki. Na gan shi, Hauwa'u, ba zan ce ban gani ba. Da wasan ya tambayi shekarar haihuwa, na sa tawa a madadin tata, na miƙa mata wayar na koma kan takardata, domin akwai baitin da nake tsoron ya tsere mini. Duk abin bai kai minti biyu ba.

Wata rana da yamma Umma tana tankaɗe a bakin madafi, Ikram tana ƙarƙashin rumfa, sai muka ji muryar namiji ta fito daga wayar, tsakanin ƙarar harbi, da Hausa tsantsa mai daɗin ji, yana cewa sannu da ƙoƙari ƙanwata, bi ta bayan dutsen nan. Umma ta ajiye rariya. Ikram ta ce ai Yaya Bello ne, ɗalibi ne a Hartum, daga ƙasar Hausa ya zo, a wasan suka haɗu, ya ga sunanta ya tambaye ta ko tana jin Hausa.

"Allah sarki," in ji Umma. "Ashe namu ne."

Daga nan babu wanda ya ƙara tambaya. Cikin wata guda Ikram ta fara cewa sannu da aiki idan Baba ya shigo. Ta fara jefa karin magana a inda bai dace ba, mu yi ta dariya. Ranar da ta ce wa Baba a dawo lafiya, sai da ya tsaya a zaure ya juyo ya kalle ta. Da murnarsa ya sayo mata samma'a, abin nan da ake cusawa a kunne, wai don ta ji Hausar da kyau ba tare da hayaniyar gida ba. Tun daga ranar muryar ta daina fitowa tsakar gida. Da hannunmu muka toshe kunnuwanmu, muna ganin alheri muka yi.

Sannu a hankali Ikram ta tashi daga rumfa ta koma ɗaki. Idan an shiga sai ta kife wayar a cinya. Ta rage cin abinci, ta yi saurin fushi, Umma ta ce girma ne. Wata Alhamis na shiga ɗaukar mayafina na ji tana cewa a hankali, da Hausar da muke alfahari da ita, Yaya ba za ta sani ba. Na tsaya da mayafin a hannu. Na san ni ce Yayar. Amma na makara, domin kowace Alhamis bayan la'asar akwai taron da muke yi mu ɗalibai a bakin kogi ta ɓangaren Hartum, a ƙarƙashin itatuwa kusa da wata mai shayi, kowa ya karanta waƙar da ya rubuta. Shekara guda ina zuwa ina sauraro, ban taɓa buɗe baki ba, kuma a ranar ne wani dattijon malami da ke jagorantar taron zai duba takarduna. Na ce a raina sirrin yara ne, na fita. Malamin ya duba, ya ce Alhamis mai zuwa ni zan karanta. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na manta da abin da na ji.

Ranar Talata da hantsi makarantu ba su buɗe ba, kowa yana gida. Habboba tana kan gadonta na igiya a ƙarƙashin rumfa tana shan jabana, gahawar mutanen can, Baba yana gefe yana fere tsinkayen nama. Habboba ba ta kiran sunan Baba saboda ɗan fari ne, Mai agashe take ce masa. Ta kurɓi gahawarta ta tambaye shi wata nawa ke nan baƙon nan na Auta yana shigowa gidan. Baba ya ce wane baƙo, ta ce mai Hausar nan. Ya lissafa ya ce zai kai wata uku.

"Wata uku. Ya taɓa cewa a gaishe ka?"

Baba ya yi dariya. "Iya, ai wasa ne a waya, ba gida ya shigo ba."

"Muryarsa a ina take sauka, a kasuwa? Ni dai tun da aka haife ni ban ga Bahaushen da zai yi wata uku yana magana da 'yar gida bai ce ina masu gidan ba. Ko ɓarawon akuya yakan yi sallama ya ga ko da mutane. Kira mini ita."

Ikram ta fito tana jan ƙafa, wasan yana ci a hannunta. Habboba ta sa aka cire samma'ar, aka buɗe muryar kowa ya ji. Sannan ta gyara zama, ta ja mayafinta ta rufe kai sosai, ta share bakinta, kamar yadda take yi idan baƙo namiji zai shigo. Wannan wurin ne kawunnanki suka fi so, domin harbi yana tashi ta ko'ina, ita kuwa ta kara bakinta da wayar ta rangaɗa sallama kamar tana ƙofar gidan suna. Muryar ta amsa cikin ladabi ƙwarai. Ta tambaye shi gajiya, ya ce babu. Ta tambayi karatu, ya ce da godiya. Ta tambayi zafin garin nan, ya ce lokacinsa ne. Har na fara jin kunya a madadinta, na ga Umma ma tana murmushi.

"Madalla. To ɗana, ɗan gidan wa ke nan? Wane gari?"

Ya yi dariya ya ce ai nesa ne, ba za ta sani ba. Ta ce ya faɗa dai, ita a bakin iyayenta ta haddace garuruwa tun daga Katsina har Adare. Ya ambaci wani gari, ta tambayi unguwa, ya ce shi a makarantar kwana ya tashi. Ta tambayi sunan malaminsa a nan Hartum, ya ce suna da yawa.

"To babu laifi. Ga mai gidan nan zaune yana jinka. Juma'a 'yan'uwanka ɗalibai suna zuwa cin tuwo, ka biyo su. In kuwa kunya kake ji, faɗi inda kake kwana, shi zai kawo maka nama da kansa ya ga fuskarka."

Muka ji harbi kawai, sannan wani ɗan sauti, sunansa ya ɓace daga fuskar wayar. A daidai lokacin aka harbe mutumin Ikram a wasan ya faɗi. Habboba ta leƙa ta tambaya wa ya rasu, Ikram ta fashe da kuka ta ce da Larabci an kunyata ta, an kore mata aboki, ta ruga ɗaki. Babu wanda ya yi dariya a ranar. Daga baya ne dariyar ta zo.

Na bi ta. Ta daɗe tana kuka da fuska a matashi, ina shafa bayanta. Da ta lafa ta ce akwai abin da za ta faɗa mini amma sai na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na ce wallahi, ban ko yi tunani ba. Sai ta buɗe mini saƙonnin da suke yi a wajen wasan. Ya san sunan makarantarsu. Ya san launin rigar makarantar, domin ta aika masa hotonta a ciki, ya kuma nemi wani hoton ba mayafi, ta ce tana jin kunya, ya ce ai shi yayanta ne. Ya san inda raksha, keken haya mai ƙafa uku, take sauke ta. Ya yi ta aiko mata kyaututtukan cikin wasa, riguna da bindigogi masu ƙyalli. Saƙon ƙarshe cewa yake ranar Alhamis idan an tashi kada ta wuce gida, ta sauka a tashar motocin da ke zuwa Bahri, can hayin kogi, yana da sabuwar waya da zai ba ta, amma kada ta gaya wa manya domin za su ƙwace. Ta kalle ni da jajayen idanu ta ce yanzu Habboba ta ɓata komai, amma wataƙila idan ta je ta ba shi haƙuri zai huce. Jibi ke nan.

Zan gaya miki abin da ya fara zuwa raina, ko da yake ba na son tuna shi. Na ce zan iya rufe maganar in raka ta makaranta ranar Alhamis in dawo da ita da kaina, kowa bai ji ba. Nan take wata zuciyar ta ce, to karatun waƙarki fa? Na zauna a bakin gado ina auna ƙanwata da takarda uku. Bai daɗe ba, amma ya faru. Kuma ko a rufe maganar da nake so in yi, ba rantsuwar nake karewa ba. Na san idan aka bi zaren za a iso kan wanda ya sauke wasan.

Washegari da safe, kafin Baba ya tafi wurin mahauta, na same shi yana hura gawayi a murhu don shayi, Habboba tana lazimi a gefe. Na durƙusa na faɗi duka, tun daga tashar Bahri har zuwa ɗan akwatin nan mai goma sha takwas da shekarar haihuwata. Baba bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wayar, ya tsaya da ita a kan murhun. Habboba ta ajiye carbi.

"Mai agashe, in ka gasa wannan, gobe ta maƙwabta za ta riƙe a bayan katanga, inda babu kunnen kowa. Kuma wayar ba ita ta ce namu ne ba. Mu muka ce."

Na ce wa Baba a hankali saƙonnin da ke ciki su ne shaidarmu. Sai ya miƙo mini ita ba tare da ya kalle ni ba. Na ɗauki hoton kowane saƙo, na toshe mutumin a wasan da wajen wasan, na kai ƙararsa ta wurin da aka tanada a ciki. Baba da wani maƙwabcinmu suka kai hotunan wurin hukuma, suka kuma je makarantar suka yi magana da shugabar. Ranar Alhamis Baba bai kunna wuta a kasuwa ba, abin da ban taɓa gani ba sai ranar rasuwa. Shi ya kai Ikram, shi ya tsaya a ƙofar makaranta har aka tashi, ya riƙo hannunta zuwa gida. Ƙannensa biyu suka je tashar suka tsaya har rana ta yi sanyi. Sun ce maza sun fi ɗari a wurin, kowane zai iya zama shi, kowane kuma zai iya zama bawan Allah mai jiran mota. Har yau ba mu san ko wane ne ba. Ba mu san ko ɗalibi ne, ko sunansa Bello, ko ma ya taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Juma'ar da ta biyo baya Baba ya ce a dakatar da tuwon ɗalibai. Habboba ta ce ba a gidan da take raye ba. Ta ce waɗannan ta ƙofa suka shigo, an san garinsu, an san malamansu, an ga yadda suke cin abinci, ba za a ɗora musu laifin wanda ya ƙi nuna fuska ba. Aka tuƙa tuwon. Baba ya zauna cikinsu yana sauraron muryar kowa ɗaya bayan ɗaya, na gan shi, amma da aka gama shi ya zuba musu ruwan wanke hannu.

Habboba ce kuma ta tambaye ni, tunda akwai wasan manya, ashe babu na yara? Na ce akwai. Ta ce to me ya hana a ba ta nata tun farko? Na zauna na bincika, a karon farko na karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin kowane wasa, shekarun da ya dace da su, ko akwai jini a ciki, ko baƙi suna iya yi wa yaro magana, ko ana sayar da abubuwa. Na goge wasan harbin, na buɗe mata sabon shafi da shekarunta na gaskiya, na kashe hanyar da wanda ba a sani ba zai iya aiko saƙo. Muka zaɓi wani wasa na gona, ana shuka ana kiwo ana gina ƙauye. Sauran dokokin ba a rubuta su ba, a bakin Habboba suka fito tana tsintar wake. Waya a rumfa take zama, ba ta shiga ɗaki. Samma'a ta koma aljihun Baba. Ana farawa bayan an gama aikin makaranta, ana ajiyewa da kiran magariba. Duk wanda zai yi wasa da Auta, sai an gaisa da iyayensa. Kuma sai wani babba ya zauna kusa da ita. Da aka zo kan wa zai zauna, Baba ya yi mini maganar farko tun ranar Laraba.

"Wadda ta buɗe ƙofar ita za ta zauna a bakinta."

Lokacin wasan bayan la'asar ne, kowace rana, har da Alhamis. Na yi azumi uku na kaffarar rantsuwata, wannan mai sauƙi ne. Taron bakin kogi ne ya yi mini ciwo. Na aika wa malamin cewa wani uzuri ya taso a gida, ya ce wuri yana nan duk ranar da na dawo. Na ce bayan wata ɗaya, na ce bayan jarrabawa, har yaƙi ya zo ya watsa masu taron, kowa da ƙasar da ya faɗa. Ban taɓa karanta waƙar nan a gaban kowa ba. Wani lokaci idan na tuna itatuwan da ƙamshin shayin matar nan nakan yi kewar wurin, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko sau ɗaya ban yi fatan a mayar da ni in zaɓi ɗayan ba.

Ikram kuwa ta daina yi mini magana. Ta ce na ci amanarta, kuma ta wani gefen gaskiyarta ne. Idan tana son gishiri a gabana sai ta ce wa Umma ta ce wa waccan ta miƙo. Hausar ma ta ajiye ta gaba ɗaya. Haka muka yi kusan wata biyu muna zama a tabarma ɗaya a ƙarƙashin rumfa, ita da tsohuwar waya ni da sabuwa, gonata tana maƙwabtaka da tata a cikin wasan, babu mai cewa uffan. Ganyen darbejiya yana faɗo mana, Habboba tana gyangyaɗi a gadonta, ko tana yin kamar tana yi. A zaman nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Yarinyar nan tana da haƙuri da tsari. Takan lissafa abin da za ta shuka kwana uku kafin lokacinsa, ta ja ruwa ta inda ban yi tsammani ba, idan abu ya rushe ta ciji leɓe ta sake ginawa. Sai na gane abin da mutumin nan ya ba ta wanda ya fi rigunan ƙyalli. Ya kalle ta tana yin abin da ta iya ya ce sannu da ƙoƙari. Mu da muke gida ɗaya da ita babu wanda ya taɓa leƙawa. Ni dai gonata kullum a bushe take, domin nakan tsaya kallon yadda aka zana faɗuwar rana a bayan rumbu in manta da ban ruwa. Wata rana ta leƙo wayata, ta kasa daurewa.

"Yaya, shanunki yunwa za ta kashe su. Ke ko a wasa ba ki iya rayuwa ba."

Habboba ta yi tari daga gadonta, irin tarin da yake rufe dariya. Na miƙa wa Ikram wayar na ce ta nuna mini. Ta karɓa tana tsaki, ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa.

Allah ya jiƙan Habboba, ya sa ta huta. Ba ta taɓa riƙe waya daidai ba, kullum a juye take kama ta, amma ita ta san tambayar da mu masu karatu ba mu yi ba. Ina gode wa Allah da ya bar mana ita har shekarar nan, ina gode wa Baba da ya janye hannunsa daga murhu, ina kuma gode wa Ikram, domin ita ta buɗe mini saƙonnin da hannunta alhali tana iya yin shiru har Alhamis.

Bayan sallar layya ta waccan shekarar, Habboba tana nan da ranta, wata yamma muna zaune, sai na ga Ikram ta daina danna waya, tana kallon fuskarta. Can ta juyo da ita wajena ba tare da na tambaya ba. Ta ce wata 'yar ajinsu ta ba ta lambar 'yar'uwarta da ke Bahri, sunanta Tasnim, wai ita ma tana wasan gona, tana so su haɗa ƙauye. Ta ce ba ta amsa ba tukuna, ba ta san ta ba. Na daure na ce to me take gani. Ta ɗaga kafaɗa ta ce a kira uwarta mana.

Aka kira. Matar ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, mutanen arewacin ƙasar ne, daga wajen Dongola. Ashe ita ma tana ta neman wanda za ta tambaya su wane ne mutanen da 'yarta take son shiga wurinsu. Habboba ta fara da Larabcinta mai ƙamshin Hausa, ta tambayi gida da yara da zafi, ta miƙa wa Umma. Umma da matar suka shiga zancen makaranta, suka gangara kan tsadar albasa, suka koma kan ciwon gwiwar surukar matar da maganin da ya kamata a shafa. Inuwar darbejiya ta tashi daga tabarmarmu ta hau katanga suna nan. Ikram ta jingina da kafaɗata, nauyinta duka, ta kai bakinta kunnena.

"Yaya, cajin zai ƙare ba mu shuka ko albasar ba."